Giyata a Kan Ƙyauren Na-Tsaye

Ina bakin titi ina jiran motar da za ta kai ni gareji, sai wayata ta yi ƙara. Maman Biyu ce, matar abokina. Ba ta taɓa kirana da safe ba. Ta ce, "Baban yara ya faɗi a banɗaki. Mun kai shi asibiti, sun ce tun a hanya ya cika." Na ce mata, "Ai yau zai haɗa min giyar motata." Abin da ya fito daga bakina ke nan. Motar ta zo ta tsaya, direban ya yi ta danna hon, ni kuwa ban shiga ba.

Na-Tsaye muke ce masa, don ba wanda ya taɓa ganin ya zauna ya cinye abinci. A tsaye yake ci, loma biyu ya ajiye kwano ya leƙa ƙarƙashin mota, ya dawo ya tarar ya huce. Ko gidansa ka je, kai ne a kan kujera, shi yana kai da kawowa yana taɓa ƙofa, yana ɗaure notin fanka. Maman Biyu takan ce ita dai ba ta auri miji ba, iska ta aura.

Bakaniken giya ne, giya kawai. In ka kawo masa matsalar birki sai ya nuna maka rumfar gaba. Ni kuma direba ne, ina da 'yar motar ɗaukar kaya da nake yi wa masu shaguna jigila. Tun muna samari na kai masa wata mota da ke fitar da giya ta uku, daga nan muka ƙulle. Ranar da aka haifa masa tagwaye ni na kai matarsa asibiti, yana gefena yana min faɗa wai ina taka kuloci kamar mai kashe kunama.

Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, in ya buɗe akwatin giya sai ya zama wani daban. Yana da wani tsohon ƙyauren ƙofa da ya ɗora a kan duro biyu. Duk ƙarfen da ya ciro, sai ya wanke shi da kananzir ya ajiye a kai, daga hagu zuwa dama, yadda suka fito, kowane yana fuskantar inda yake fuskanta a ciki. In zai tashi ya rufe da wani tsohon labule. Ba mai taɓawa. In ya zo haɗawa sai ya faro daga dama. Ƙarfen da ya lalace kuwa ba ya jefar da shi, a tafin hannun mai motar yake sa shi, ya ce, "Riƙe aikinka."

A kan wannan ƙyaure suka rabu da ƙaninsa Auta, wanda ya koyi aikin a hannunsa. Auta mai sauri ne, a daro yake zuba komai, ya ce ai kansa na riƙe da su. Na-Tsaye ya ce a rumfarsa ba a haɗa giya kamar wanke-wanke. Auta ya ɗauki daronsa ya buɗe rumfa a ɗaya bakin garejin. Suna gaisawa, suna zuwa gidan juna, amma ba wanda ya ƙara taka wurin aikin ɗan'uwansa.

Ni ma ban tsira ba. Ina da ɗabi'ar ɗora hannu a kan sandar giya in ina tuƙi. Shi kuma ba ya sallamar mota sai ya shiga gaba mai ita ya tuƙa yana kallo. Da zarar hannuna ya sauka sai in ji ɗas, ya make shi.

"Matarka ce da za ka riƙe ta haka?"

"Hannuna ne, motata ce."

"To, ni kuma bayana ne ke ciwo in ta lalace."

Mun yi furfura muna wannan.

Bayan an binne shi, motata tana nan a gaban rumfarsa a kan jak, cikinta wayam. Giyarta tana kan ƙyauren, a baje, a rufe. Kullum da safe sai in fito kamar mai zuwa aiki, in je in ɗaga labulen, in duba, in mayar. In zauna a benci, in tashi, in zaga garejin, in dawo. Halinsa ya dawo kaina. Masu shagunan da nake yi wa jigila suka yi ta kira, daga baya suka rage, na fara ganin kayansu a bayan wasu motoci. Uwargidana ta ce, "Ba ina hana ka kuka ba ne, amma yaran nan ba za su ci kuka su ƙoshi ba." Gaskiyarta. Sai dai in aka haɗa giyar, ƙyauren zai zama fayau, kuma shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya jera. Akwai ma alamar yatsansa ta baƙin mai a gefen katakon.

Wata rana da hantsi sai ga Auta, da daronsa a hammata.

"Yaya, motar nan ba za ta haɗa kanta ba."

"Na sani."

"To matsa."

"Auta, don Allah kar ka zuba su a daron nan."

Ya yaye labulen ya tsaya yana kallo. Ya daɗe. Sai ya ajiye daron a ƙasa, ya sa ƙafa ya tura shi ƙarƙashin benci, ya koma can ƙarshen dama ya ɗauki na farko.

"Mugun mutum," ya ce. "Har ya tafi sai da ya sa ni bin layinsa."

Ban zauna ba har ya gama. Ina miƙo masa sifana, ina riƙe abin da ya ce in riƙe. Kowane ƙarfe ya tashi sai in ga wurinsa a katakon, ɗan zagaye mai danshi, rana ta busar da shi. Da aka kai ƙarshen hagu, abu ɗaya ya rage, can a gefe shi kaɗai: wani ƙarfe mai yatsu biyu, wanda ke tura haƙoran giya in ka canza. Yatsun sun cinye sun yi ƙyalli. Sabonsa tuni yana cikin layi, Auta ya ɗaura shi. Ya ɗauki tsohon ya juya, ya kamo hannuna ya sa min a tafi. Ya buɗe baki zai faɗi abin da yayansa ke faɗi, ya kasa.

Muka fita gwaji, ni a sitiyari, shi a gefe. Giya na shiga sumul. Muna hawa babban titi hannuna ya sauka a kan sandar, na ji ina jira. Auta yana kallon taga. Ni da kaina na ɗauke shi.

Motar ta koma aiki. Ƙarfen yana aljihuna, ya huda min riga guda.

Yammacin ranar da na gan shi na ƙarshe, yana rufe ƙyauren ina tsaye a kansa ina damunsa.

"Gobe dai zan samu ko?"

"Ka zo da wuri. Ka taho da hannun nan naka, zan nuna masa ɓarnar da ya yi."

"In na kawo shi za ka gyara shi?"

Ya ja bakin labulen ya daidaita, yana dariya.

"Wannan ya fi ƙarfina, mutumina. Giyar dai zan haɗa maka."