Dattijon da Ke Son Taɓon Babur

Kwana uku ke nan wani dattijo yana zuwa inuwar da muke ajiye babura, da kyamara rataye a wuya. Dogo ne siriri, gemu fari fat, ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, jan ta yake. Ba ya ɗaukar hoton mutane, sai na babura. Mu da muke gyara hula muna washe baki, ko kallo ba mu ishe shi ba.

Yana zagaya babur a hankali kamar mai zance da budurwa. Ya shafa tanki, ya leƙa madubi, ya daɗe yana kallon gajimaren da ke wucewa a ciki. Zuciyata na ba ni ya taɓa cin dogayen hanyoyi, har ranar da wata kwanar hanya ta karɓe ƙafar. Yanzu da ido yake hawa.

Yau ya tsaya a kan nawa, wanda ya sha jan taɓo jiya da na kai fasinja ƙauye. Kafin ya saita kyamara na zaro tsumma, na goge shi tas.

"Baba, ango ya yi wanka. Ɗauka!"

Ya sauke kyamarar. "Haba ɗana, ka goge tafiyar. Yanzu kamar bai taɓa barin gari ba."

Ya ja ƙafarsa zuwa na gaba. Ni kuma ga ni da tsumma a hannu, ina duba sama ko hadari zai haɗu, ina tunano hanyar da ta fi nisa.