Farin Alawar Baba

Babana mai alawa ne. A unguwarmu ta Roumdé Adjia, cikin garin Garoua, masu alawa ba su ƙirguwa, amma tasu duk ja ce ko ruwan zuma. Fara tas, wadda ke ruguzowa a baki da gatsa ɗaya, sai gidanmu. Kakansa ne ya taho Garoua da sana'ar daga Kano, ya haɗo ta da doka guda: ba a jan alawa a gaban bare. Akwai wani ɗaki a ƙuryar gidanmu mai ƙatuwar ƙusa a bango, nan Baba yake shiga da tukunyar dafaffen sukari ya turo ƙofa. Mu 'ya'ya mata cikin bare ake lissafa mu, wai za mu yi aure mu kai sirrin gidan wani. Wannan doka ta daɗe tana ci mini rai. Na yi ƙuruciyata ina leƙe ta tsagar ƙyaure, ban taɓa ganin abin da ya wuce bayan Baba yana kai da komo ba.

Da na girma sai na tafi jami'a a Ngaoundéré karatun kimiyyar haske. Aikina na ƙarshe shi ne lissafin yadda haske ke tafiya cikin roba mai garai-garai idan an zuba mata ƙananan ƙwayoyi, irin robar da ake rufe fitila da ita don kada ta kashe ido. A kwamfuta nake yi. In saki zaren haske ya shiga robar, ya ci karo da ƙwaya ya karkace, ya ci karo da wata ya sake karkacewa, kamar baƙo a babbar kasuwa kowa na nuna masa hanya daban, har ya fito ta inda bai nufa ba. Idan ƙwayoyin sun yi yawa, hasken kan gaji ya juyo baya, sai ido ya ga abu fari. Idan sun cika ƙanƙanta ya wuce su, idan sun dunƙule wuri ɗaya an yi asararsu. Malaminmu ya taɓa cewa ƙwayar ma ba dole ta zama gari ba, ko iska ce ta wadatar, shi ya sa kumfar sabulu take fara. Na rubuta wannan don jarrabawa kawai, na manta.

Shekarun nan abubuwa sun yi tsauri, albashi yana makara, kowa na zargin kowa da algus. Ina dawowa hutu, ko jaka ban sauke ba Goggo, yayar Baba, ta ja ni gefe.

"Ke 'yar boko, kin ji abin da ake faɗa a kan ubanki? Wai alli yake dakawa yana zubawa a alawa. Wai in ba alli ba, me zai sa sukarin da ya dahu ya yi ja ya koma fari?"

Na yi dariya. Goggo ba ta yi ba. Washegari wata 'yar kasuwa daga duwatsun Mokolo, wadda muke kira Madam, ta zo da kwandon alawar da ta sara. Shekara da shekaru tana saye wurin Baba tana kaiwa ƙauyuka.

"Baba, ni ban ce akwai ba, ban ce babu ba," in ji ta. "Amma mutanena sun ce ba su ci. Pardon, ka yi haƙuri ka karɓa."

Baba ya karɓi kwandon ya ajiye. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, domin mutumin nan ko sukarin da tururuwa ta shiga ba ya dafawa.

Na karyi guntun alawar da aka dawo da ita, na ɗora gilashin ƙara girma a kai, don dai in samu abin yi. Sai ga ramuka, sirara kamar gashi, jere cikin sukari. Na zauna a kan turmi ina kallo baki buɗe. Abin da na sha wahala ina zanawa a kwamfutar Ngaoundéré, ashe shi nake ci tun ban yi haƙora ba. Iska ce a cikin sukari.

Da ƙarfina na fita ƙofar gida da kofin gilashi da ruwa. Na tara maƙwabta, na jefa alawa a ciki na motsa. Ta narke, 'yan kumfa suka taso, ruwa ya tsaya garau. Na jefa alli a wani kofin, ya yi dagwalo ya kwanta a ƙasa. Na ce to kun gani. Na ƙara da zane a ƙasa da tsinke, ga haske ya shiga, ga shi ya karkace. Suka saurara cikin ladabi. Can wani tela ya ce, "'Yarsa ce fa, kuma a labo take, ɗakin gwaje-gwajen 'yan boko. Su da ke mai da ruwa ja su mai da shi kore." Aka watse aka bar ni da kofuna biyu.

Na koma wurin Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Baba, ba za su yarda da baki ba. Ka ja ta a gabansu."

"Uwata, abin da kakana ya rufe wa ƙofa ni zan buɗe? Su yi ta faɗa."

Suka yi ta faɗa kuwa. Abin da ya karya shi ba ciniki ba ne. Amininsa, wanda suke sahu ɗaya a masallaci tun suna samari, aka yi masa jika. Baba ya aika da faranti guda na alawa gudummawar suna, kamar yadda ya saba. Da rana aka dawo da farantin a rufe, ba a taɓa ba, da saƙon godiya. Baba ya daɗe yana kallonsa. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Bayan la'asar na ji ana bugu. Na leƙa, sai ga Baba ya zare ƙusar kakansa daga ɗaki yana kafa ta a bangon waje, gefen zaure, inda duk mai wucewa zai gani. Goggo ta ɗora hannu a ka. Kafin sukari ya dahu layinmu ya cika, har masu babur sun kashe inji. Madam ma tana nan, ta zo sayen gishiri ta ji labari.

Ya dafa sukari da ruwan tsamiya a gaban kowa, ya ce tela ya zo ya duba tukunya da kansa. Ya juye a kan faffaɗan dutse da aka shafa wa man gyaɗa. Da ya ɗan huce ya naɗe shi, jawur yana sheƙi kamar kwalba, ya rataya a ƙusa. Ya ja, ya ninka, ya mayar, ya sake ja. Zafin Garoua ga zafin sukari, gumi har gemu. Ja ya koma ruwan zuma, ruwan zuma ya koma ruwan madara. Kowa ya zuba ido. Ni ma ranar na fara gani da idona, kuma na manta da duk wani lissafi. Da ta yi fari fat ya miƙe ta a kan dutse ya sassara, ya miƙa wa Madam gutsure na farko.

"Uwata, yanzu faɗa musu abin nan naki."

Na ce duk ninki ɗaya yana kulle iska a ciki, duk ja ɗaya yana sirantar da ita, haske kuma in ya shiga sai ya rasa hanya ya dawo fari. Baba ya goge fuska ya dube ni.

"Wato duk shekarun nan iska nake sayar wa mutane?"

Dariya ta ɓarke, har da aminin nasa da ke raɓe a baya yana sunkuyar da kai. Madam ta ce, "Useko, don Allah Baba, a cika mini kwando da iskar."

Sunan Baba ya wanku a ranar. Sai dai kafin damina ta wuce, farar alawa ta bayyana a tire uku ko huɗu a unguwa, har da na ƙanin tela. Da na dawo hutu na gaba na gani, haushi ya kama ni, da kuma nauyi, tunda ni na matsa. Na tarar da shi a gindin ƙusar yana aiki, na ce ko mu mayar da ita ɗaki.

"A mayar a ɓoye me? Bar ta ta sha iska."

Sai ya ciro dunƙulen daga ƙusa, da zafinsa, ya miƙo mini.

"Shafa mai a hannu. Duk Roumdé Adjia ta gani, ke kaɗai za a hana?"

Tafina ya yi bororo, alawar kuma ta fito ruwan toka, mai tauri kamar tsakuwa. Baba ya gatsa, ya tauna da ƙyar, ya ce haske bai rasa hanya sosai a ciki ba, gobe in zo da wuri.