Motar da ta kai Inna gida

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba na jin zan manta ranar da muka ɗauki Inna a tsohuwar motar Baba.

Motar irin dogayen nan ce masu layi uku na kujeru, waɗanda muke cewa familiyal. Fara ce, kuma tun da Baba ya saye ta yana saurayi bai yarda an sake mata fenti ba. Kujerunta, rediyonta, har odarta mai kuka kamar tsohon rago, duk na asali ne. Kowace Juma'a sai ya yaye tampol ya goge ta. Mu yaran gida muna cewa ita ce ƴar fari, don ko tsokanarta ba a yi. Bayan rasuwarsa yayana ya so a cire kujerun baya ta riƙa jigilar buhuna zuwa kasuwar Kanambakashe. Na ce sai dai ya fara cire nawa haƙarƙarin. Muka bar maganar a nan, kowa na hararar kowa.

A shekarar ne mantuwa ta kama Inna. Ta daina gane mu, ta daina gane ɗakin da ta haife mu a ciki. Da la'asar ta yi sai ta ƙulle ƴan kayanta a zane ta tsaya bakin ƙofa.

"Ku kai ni gida," haka take cewa. "Ni ba ni cin tuwon baƙi."

Kuma ba ta ci ɗin. Tana ramewa a gabanmu, ni kuwa tsoro ya cika ni. Wata rana maƙwabta suka tsinto ta bayan gari, ta kama hanyar Mayahi da ƙafa babu takalmi. Sai muka ce tunda gida take so, bari mu kai ta ƙauyen mahaifinta can wajen Issawane, ko hankalinta ya kwanta. Babur ba zai ɗauke ta ba, dole Yaya ya nemo batir da esansi, wato man fetur, ya tada ƴar fari. Bugu biyu ta tashi, ya ji kunya ya ƙi kallona.

Muna sa Inna a kujerar tsakiya ta shafa fatar da tafin hannunta, ta ja numfashi. Haka muka bar Tasawa, muka ratsa gonakin hatsi da aka gama girbe, motar na lilo cikin rairayi a hankali.

Da muka isa ƙauyen sai na leƙa ta tagar mota. Gidan kakanmu ya zama fili, awaki na kiwo a ciki, tsaranta duk sun riga mu gidan gaskiya. Na buɗe mata ƙofa na ce, "Inna, ga mu gida." Ko leƙawa ba ta yi ba. Sai ta jawo mayafinta ta rufe fuska ruf, ta yi magana da wata ƙaramar murya da ban taɓa ji a bakinta ba.

"Direba, mi muke jira? Mu tahi mana, ana jiranmu Tasawa."

Ni da Yaya muka dubi juna. Sai lokacin na tuna abin da Baba ya sha faɗa yana dariya: a wannan motar aka ɗauko Inna amarya, daga wannan filin, a kan wannan kujerar. Ashe gidan da take nema shi ne wanda muka baro. Ba ta gane shi daga ciki, sai an kawo ta ta hanyar da ta fara zuwa.

Yaya ya share ido da hannun riga ya ce, "To amarya, mun tahi."

Na koma kusa da ita na zama ƙawar amarya. Ta riƙe hannuna gam, tana ƴar shessheƙa ƙarƙashin mayafi kamar yadda amare ke yi. A hanya na kira gwaggonmu, ƙanwar Baba, na ce ta jira mu bakin ƙofa, kada ta tambaye ni dalili.

Mun shigo gari gab da magariba. Yaya ya danna odar nan sau uku. Inna ta ƙi sauka, don amarya ba ta sauka sai dangin miji sun tarbe ta. Gwaggo, da ƙafarta mai ciwo, ta rangaɗa guɗa, ta kama hannunta ta ce, "Sauko ɗiyata, kin zo gidanki." Inna ta shiga da ƙafar dama, ta wuce kai tsaye ɗakinta ba wanda ya nuna mata. Na kawo tuwo, ta juya baya don kunya, ta cinye shi tas. Na fita tsakar gida na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Ba ta warke ba. Amma daga ranar, duk la'asar da ta ƙulle kaya sai Yaya ya tada mota, mu zaga gari mu dawo da oda da guɗa. Ya daina zancen buhuna, shi ne ma mai gogewar Juma'a yanzu. Ni da na hana a taɓa motar, don rigima kawai na hana, ban san me nake tsarewa ba.

Abin da na koya shi ne, kada ka yi saurin sake wa tsohon abu kama don kai ka gama da shi. Wataƙila akwai wanda ta nan kaɗai zai iya komawa gida.