Kwalta a Gonar Rayis Ayyashi

Rayis Ayyashi (Rayis shi ne laƙabin mai jirgin kamun kifi a nan) bai gaji ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. Abin da ubansa ya bar masa gona ce a cikin teku, tafiyar rabin awa a kwale-kwale daga gaɓar Marsa Jabir, da takardarta da iyakokinta, yadda kowane tsohon gida a tsibirin nan yake da tasa. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, duk kaka sai ya sare rassan dabino ya kakkafa su cikin laka, layi biyu masu tsukewa, kifi ya biyo su idan ruwa na janyewa har ya faɗa kwandunan da ke can ƙurya. Ba ya bin kifi, kifi ke zuwa wurinsa. Shi ya sa yake yi wa masu manyan jiragen jan komar kifi kallon ɓarayi, kuma a gabansu yake faɗa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, muryarsa ta fi jikinsa girma. Kowa ya san shi da faɗa, kowa kuma ya san shi da abu guda: ba ya yar da dabino. Mu duka nan haka aka tashe mu. Reshen da ya gama aikinsa a ruwa ba a barin shi a ruwa, gida ake kawo shi, a shanya, a jibge bayan tanderu, da shi ake gasa kifi da gurasa. Amma na Ayyashi ya wuce misali. Yana ɗan shekara goma ya taɓa barin reshe ɗaya ya bi ruwa, ubansa ya kwaɗa masa marin da har ya tsufa in ya ba da labarin sai ya shafa kunci.

'Ya'yansa biyu, kuma su ne suka raba masa zuciya gida biyu. Munji, babban, yana aiki a jirgin da ke kai abinci da ma'aikata can wurin haƙar gas, hasumiyar ƙarfen nan da ake hangowa daga gonar uban kamar ƙaya a ido. Shadliya kuwa, bayan rasuwar uwarsu, ta gyara gidan ta fitar da ɗaki huɗu na saukar baƙi. Mijinta malamin makaranta ne a birnin Safakis, sai ƙarshen mako yake hawo jirgin fito ya zo. Da zafi ya shigo baƙi sukan cika ɗakunan, Ayyashi ya ɗebe su da safe su je su ga yadda ake ɗaga kwando, da rana Shadliya ta gasa musu abin da suka gani da idonsu. Sai su yi ta ɗaukar hoto kamar ba su taɓa ganin kifi ba.

Ƙauyen ma haka ya rabu. A gidan shayi na bakin tasha, masu cin abinci da kamfanin gas suna zama ta gefen ƙofa, masu cin abinci da baƙi ta gefen taga. Na ƙofa su ce baƙi wata uku ne, gas shekara ce. Na taga su ce ranar da ƙarfen nan ya yi amai, ko kare ba zai zo wanka a gaɓarmu ba. Ayyashi, mai bakin da ba ya rufuwa, a kan wannan magana kaɗai yake zama bebe.

Bana Shadliya tana da ciki wata bakwai, bayan shekara shida ana jira. Kullum uban da hannunsa yake zaɓo mata kifin da ya fi girma.

Wata safiya a farkon watan Yuni ya fita shi kaɗai, baƙin ranar sun makara. Ya sa hannu zai dafa reshe ya jawo kwandon yamma, sai ya ji santsi. Ya duba tafinsa, baƙi ƙirin. Ya kai hanci. Nan take ya zauna daɓas a cikin jirgi. Rassa wajen ashirin ne a layin yamma, kowanne ya sha kwalta daidai inda ruwa ke tsayawa, kamar an bi su da buroshi.

Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da guguwa ta kifar da shi. Ya san abin da ya faru da ƙauyen da ke ɗaya gefen tsibirin shekara uku da suka wuce. Mutum ɗaya ya kai ƙara, jami'ai suka zo da kwalaben ɗibar ruwan gwaji, aka hana su kamun kifi har damina biyu. Hotuna suka bazu, baƙi suka soke zuwa. Samari suka tare hanyar motocin kamfani, aka turo 'yan sanda, kamfani kuma ya sallami duk wani ɗan ƙauyen da ke aikinsa. Ga gonar kakansa, ga ɗakunan Shadliya, ga aikin Munji, duk a bakinsa suke rataye. Gaba kura, baya siyaki.

Ya waiga hagu da dama. Babu kowa sai jirgin Jallul can nesa, maƙwabcin gonarsa kuma abokin tsokanarsa tun suna yara. Ya shiga ruwa har ƙirji ya tuttumɓuke rassan. Kifin kwandon yamma ya juye shi a teku. Na kwandon gabas ya shinshina ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa kansa wannan lafiyarsa ƙalau.

Saura rassan. Wani mai hankali zai ɗaure su da dutse ya kai su ruwa mai zurfi, shi ke nan. Ayyashi ma ya yi niyya, har ya ɗauko igiya. Hannun ne ya ƙi. Rassa ashirin, itacen kwana huɗu, a zuba a teku? Ya lulluɓe su da buhu, ya kawo su gida, ya ɗaga jibgin da ke bayan tanderu ya cusa su can ƙasa, wai in kaka ta yi zai san yadda zai yi da su. Ban ga laifinsa sosai ba, ni ma da hannuna zai ƙi.

Da rana Shadliya ta ajiye masa kuskus da kifi. Ya kai loma baki, ya mayar da ita. Warin nan kawai yake ji, ko da yake babu shi a kwanon.

"Baba, lafiya?"

"Cikina ne. Ba ni gurasa da man zaitun."

"Kai da kifi? Yau rana ta ina ta fito?"

"Ke dai ci naki, ɗiyata. Ku biyu ne."

Ta yi dariya ta ci. Yana kallonta tana tsotsar ƙaya, shi yana gutsurar gurasarsa.

Haka aka yi sati uku. Kwaltar ta sake dawowa sau biyu, duk a layin yamma, duk ya tumɓuke ya kawo gida. Ya daina kai baƙi wancan gefen, ya ce akwai ƙaguwa masu cizo. Ya rame, wandonsa ya fara zamewa. In ya ji ƙarar mota a ƙofar gida sai ya ɗauka jami'ai ne. In baƙo ya ɗaga waya zai yi hoto sai ya bi inda ya saita da ido. Safe da yamma yana zagayawa bayan tanderu kamar mai ajiyar gawa, duk lokacin da jibgin ya yi ƙasa sai ya ƙara rassa a sama don kada a kai ga na ƙarƙashi. Busassu suka ƙare masa, ya koma ɗora waɗanda bai daɗe da cirowa daga ruwa ba.

Sau ɗaya ya tari Munji a tasha, jirginsu ya zo ɗaukar kayan miya.

"Kai, can wurin naku lafiya dai? Ba abin da ke ɗiga?"

Munji ya dubi abokan aikinsa, ya rage murya. "Baba, don Allah kar ka ja mini. Sun ce jiragen da ke wucewa ne suke wanke tankunansu. Ni tumatir nake ɗauka, ban san komai ba. Wani abu ka gani?"

"Me zan gani? Tambaya ce."

Kowannensu ya san ɗayan bai faɗi gaskiya duka ba, suka rabu a haka.

Jallul ma ya sa shi gaba a gidan shayi. "Rayis, ka zama kamar busasshen kifi. Ko bazawara ce ta ƙi ka?"

"Bazawarar da ta ƙi ni ai kai ko gaisuwarka ba za ta amsa ba, mai kan tulu."

Aka yi dariya. Sai daga baya Ayyashi ya tuna cewa shi ma Jallul wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ranar Juma'a ta ƙarshen wata gidan ya cika maƙil, iyali guda daga Tunis da wasu Turawa biyu, mata da miji. Ayyashi ya kawo kifi, ya yi wanka, ya tafi masallaci. Shadliya ta je ɗibar itace ta tarar na sama duk ɗanye ne. To me mace za ta yi, baƙi takwas na jiran abinci? Ta durƙusa da cikinta, ta zaro na ƙasa, waɗanda suka bushe ƙayau. Baƙin abin da ke jikinsu ta ɗauka lakar teku ce.

Suna fitowa daga masallaci, Jallul ya riƙe masa hannu. "Wancan ba gidanka ba ne?"

Hayaƙi ne baƙi, mai kauri, ya miƙe sama kamar an ƙona taya. Iska ta kwaso warin ta watsa wa duk wanda ya yi salla. Ayyashi ya nufi gida da sauri. Da ya isa, baƙin suna tsakar gida sun toshe hanci, Baturiyar ta ɗaga waya. Shadliya na tsaye gefen tanderu tana tari, hannayenta biyu baƙi har gwiwar hannu. Maƙwabta suka biyo shi suka cika ƙofa.

Ya sunkuyar da kai yana jiran ihu, yana jiran a ce ya kashe ƙauye. Shiru. Ba wanda ya tambayi ko mene ne wannan. Shirun nan ya fi ihu ba shi tsoro.

Jallul ne ya yi gyaran murya. "Nawa suna ƙarƙashin akurkin kaji," in ji shi a hankali. "Tun watan Mayu."

"Nawa suna kan soro," wani ya ce daga baya.

"Ni a rijiyar da ta ƙafe na zuba."

Ayyashi ya ɗago ya bi fuskokinsu da kallo. Mutum bakwai ya ƙirga, masu gonaki daga wannan ƙarshen gaɓa zuwa wancan, har da waɗanda gonarsu ke gabas da tasa. Ashe ba layin yamma ba ne kawai. Ashe duk ruwan ne, har inda yake ɗebo kifin da yake cewa lafiyarsa ƙalau. Kowa ya kwaso nasa ya kai gida ya ɓoye, kowa yana zaton shi kaɗai ne, kuma ko mutum ɗaya bai iya yar da dabino ba.

Shadliya ba ta dubi kowa ba sai ubanta. Ta goge hannu a zane, baƙin bai fita ba.

"Baba, yaushe cikinka ya fara ciwo?"

Ya juya yana kallon tanderu.

"Tambayarka nake. Yaushe ka daina cin kifi?"

"Sati uku," ya ce, da muryar da ba tasa ba.

Ta ɗora hannu a kan cikinta. "Sati uku. Kai ka ji tsoro ka daina. Ni kuma kullum kai kake zaɓo mini babba."

"Na gabas ne, ɗiyata. Na shinshina, wallahi kowanne sai da na shinshina."

"To me ya hana ka ci?"

Ya kau da kai. Ya tsaya a tsakar gidansa, tsoho mai shekara sittin da biyar, yana kuka a gaban baƙi da maƙwabta.

Jirgin fito na la'asar shi ta ce za ta bi, ta je asibiti a Safakis a duba abin da ke cikinta. Mutanen Tunis ma sun haɗa kayansu. Da ta fito da jakarta Ayyashi ya miƙa hannu zai karɓa, ta mayar da ita ɗaya kafaɗar.

"Ba jaka nake so ka ɗauka ba. Ɗauko mini reshe ɗaya. Likita zai tambayi abin da na ci."

Ya san inda reshen nan zai ƙare. Daga hannun likita sai jami'ai da kwalabensu, sai a rufe gonar kakansa, sai sunan Munji a takardar sallama. Ya zagaya bayan tanderu, ya durƙusa, ya tona har ƙasa. Ya zaɓo wanda ya fi kowanne baƙi, ya karya shi biyu don ya shiga buhu, ya bi ta a baya har tasha, tana gaba yana biye, mutanen gidan shayi na ƙofa da na taga duk sun fito suna kallo.

A bakin jirgi ta karɓi buhun. Tun tana yarinya, ko kasuwa za ta je sai ta ce masa, "Baba, sa mini albarka." Ya tsaya yana jira. Ta hau, ta sami wuri ta zauna, ta rungume buhun a gefen cikinta, ba ta waigo ba.