Sunan Inna Ladiyo a bakin 'yan kasuwa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Ladiyo, mai yajin unguwar Farsha a Njamena. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in kasa. Bana jikarta ce ta tilasta mini. Ta dawo daga makaranta tana gardama da ƙawarta a kan kalmar "ladiyo": ita ta ce sunan kakarta ne, ƙawar ta dage cewa Larabci ne, ma'anarsa yajin nama.

Inna takan yi dariyar irin wannan abu tun tana raye. 'Yan'uwanmu na Kano idan sun zo mana ziyara sukan nemi makilin, mu kuwa a nan Njamena kolgat muka sani, alhali man goge baki ɗaya ake nufi. Su biro, mu bik. Omo da magi ne kawai ba a musu a kansu. Da na shiga makaranta na gane cewa duk waɗannan sunayen kayan kamfanoni ne da baki ya cinye, na zo na gaya mata, sai ta ce, "To, Allah sarki. Sun yi suna, sunan ya fi ƙarfinsu." Ba ta san ita ma hanyar da za ta bi ke nan ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu, wanda mahauci ne, turmi da taɓarya suka riƙe gidanmu. Tana daka ƙuli-ƙuli da barkono, citta, kimba da masoro, ta kai wa masu tsire da kilishi a bakin mayanka. Da farko ana cewa "yajin Ladiyo". Larabawa da 'yan ƙabilar Sara ba su da lokacin doguwar magana, sai suka yanke. "Antini ladiyo," in ji mai saye, wato ba ni ladiyo. Da wannan yajin aka ɗinka mana kayan makaranta, da shi aka aurar da yayyena.

Sai wata shekara ciniki ya ja baya. Wani mai tsire a unguwar Sabangali ya aiko da saƙo mai zafi, wai ladiyon bana gari ne kawai, ya ɓata masa nama. Inna ba ta taɓa sayar masa ba. Na bi sawu har unguwar Atron, na iske wata mata mai suna Ashta tana ƙulla yaji a leda, ta cika shi da garin masara, tana kiransa da sunan uwata. Na dawo ina huci. Ina saurayi a lokacin, ina ganin sai an kai ƙara an hana kowa amfani da sunan.

Inna ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Muka sami Ashta a ɗaki ɗaya da 'ya'ya ƙanana, mijinta ya tafi arewa neman zinariya, babu labarinsa. Inna ta lakaci yajin ta ɗanɗana. Sannan ta ce, "'Yata, sunana kike kira. In za ki kira shi, ki kira shi da kyau. Gobe ki zo Farsha da turminki."

A hanya na ce, "Inna, sirrin sana'arki za ki ba ta?" Ta ce, "Sale, rijiya ta bayar, guga zai hana?"

Ashta ta koya, ta koya wa wasu. Ba zan ɓoye ba, cinikin Inna bai ƙara komawa yadda yake ba, kuma mun ji a jikinmu. Amma ba a sake aiko mata da saƙon zargi ba, kuma da ciwon ƙafa ya kwantar da ita a shekarunta na ƙarshe, Ashta ce ke daka mata, ta kai wa masu sayenta, ta dawo ta yi mata wanka.

Yau ana sayar da ladiyo a garin Kuseri na tsallaken iyaka, an ce har Maiduguri ya kai. Akwai na inji a cikin roba mai ado, akwai mai kyau, akwai na banza. Nakan tambayi kaina, da Inna na nan, me za ta ce. Na san za ta buɗe ta shinshina, ta ce kimba ta yi kaɗan. Na san kuma za ta tambaya ko mai yin sa tana samun na ciyar da 'ya'yanta.

Ba ta bar mana gida na biyu ko shanu ba. Ta bar mata da yawa da ke cin halal da hannunsu, mu kuma ta bar mana ilimi da mutunci, kuma a kan wannan muke gode wa Allah. Kabarinta babu allo, babu rubutu, damina ta shafe tudun, ni kaina sai na yi lalube nake gane wurin. Amma kowace yamma, idan aka hura wutar tukuba a garin nan, sai wani ya kira sunanta. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa aljanna ce makomarta.