Malam Muntaka, Mai Buga Takarda Allo a Rufe

Ni na fara gani. Kafin shugaban ƙungiya, kafin abokan aikinsa, ni Iliyasu na riga kowa gane cewa idon Malam Muntaka ya fara tafiya. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma mutumin da ya ga fari biyu, ya tashi daga kwalara, motar gyaɗa ta kife da shi a hanyar Gezawa ya fito da ƙafarsa, ba a koya masa kallon mutane.

Shekara ashirin da shida Malam Muntaka yana buga takardu a ofishin ƙungiyar manoma ta garinmu. Da tafireta ya fara, aka zo aka kawo kwamfuta. Kullum in ya karya sai ya taho da ƙafa ta bayan firamare, ya yaye zanen da yake rufe ta, ya goge ta, ya yi bismilla. Mu a nan gona jingine take da gona, taku ɗaya a kan iyaka yana raba wa da ƙani. To takardar iyaka, rajistar iri da taki, wasiƙa zuwa ƙaramar hukuma, duk daga yatsunsa suke fitowa. Ka faɗa da baki, ya buga, ya maimaita maka tiryan-tiryan, ka dangwala.

Wata rana ina zaune a bencinsa na ga ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, ya kamo iska. Daga nan na sa ido. Ba ya gaida mutum sai ya ji muryarsa. In yana bugu, ƙofa yake fuskanta. Na bari aka watse na ce, "Muntaka, yaushe rabonka da ganin rubutun nan?"

Ya ce, "Baba Iliya, an duba ni a Kano, sun ce ba gyara. Inuwa-inuwa nake gani. Amma hannuna ya san hanya. In na danna maɓallin kusurwa, na sauko huɗu, na shiga, ina cikin takardun gonaki. Kowace unguwa na san taku nawa ce. Ka rufa min asiri."

Na rufa. Shekara huɗu ko matata ba ta ji ba.

Sai ga sabon tsari. Alhaji Dabo, shugaban ƙungiya, ya ɗauko wani injiniya daga birni mai suna Basiru, wai a sabunta cikin kwamfutocin ofis guda uku. Ya gama da biyu, muka leƙa. Jerin nan da ake bi daga kusurwa ya ɓace, sai manyan akwatuna masu launi birjik kamar fuskar waya, wai da yatsa ake shafa su. Gilashin namu kuwa ba ya jin yatsa! Na ga sakatare da idona yana dungurin allo kamar mai zaɓen kankana, ko gezau. Na ce, "Basiru, an ɗinka wa jaki sirdin babur ke nan?" Aka yi dariya, ma'aikata suka yi ta gunaguni, amma suka haƙura.

Da aka zo kan ta Muntaka sai ya ɗora tafinsa a kanta ya ce, "Wannan ba za a taɓa ta ba."

Basiru ya ce, "Haba Malam, duniya ta wuce nan. Kwana biyu za ka saba."

"Ni ban ce duniya ta tsaya ba. Na ce wannan ba za a taɓa ta ba."

Ran Alhaji Dabo ya ɓaci. Ya ce, "Muntaka, kayan ƙungiya ne, ba gadonka ba. Zuwa Laraba ko ka karɓi sabo, ko ka ba wani kujerar." Saura wa Muntaka shekara biyu ya kammala aiki da mutuncinsa, ga shi za a fitar da shi a matsayin tsoho mai taurin kai.

Ranar Laraba kasuwa na ci, ofis ya cika da manoma. Malam Muntaka ya miƙe ya ce, "Alhaji, a yi gwaji ɗaya. Baba Iliya, ara min rigarka." Na tuɓe babbar rigata a gaban jama'a, ya lulluɓe allon da ita ruf. Ya ce, "Wa yake son takardarsa?"

Na ce, "Ni. Iyakata da magadan Badaru, wadda aka yi shekara tara."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ban gama gyara hula ba firinta ta fara kuka. Basiru ya zare takardar ya karanta da ƙarfi: daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, shaidu uku, ba abin da ya ɓace. Wata tsohuwa ta faɗi wasiƙa sabuwa fil, ya buga, aka karanta, daidai. Sai Muntaka ya ce, "Basiru, ga rigar. Rufe taka ka nemo min ko da sunanka ne."

Basiru ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan sai da ido."

Alhaji Dabo ya ce, "To wasa ya yi kyau. Amma wane ne zai zauna yana aiki allo a rufe?"

Malam Muntaka ya ce, "Ni, Alhaji. Shekara huɗu ke nan."

Da bakinsa ya tona asirin da na rufa masa, ya san kuma a kan wannan kaɗai ana iya sallamarsa a take. Na ga Alhaji ya buɗe baki, sai na riga shi. Na ce, "Dabo, na girmi babanka. A kwaso takardun shekara huɗun nan. In aka sami guda da ya sa gonar wani a sunan wani, ni zan kama hannunsa in kai shi gida."

Aka kwaso. Basiru da sakatare suka bi su har la'asar, masu gonaki na tsaye suna ji. Ba a samu ba. Basiru, Allah ya yi masa albarka, ya mayar da kayansa jaka ya ce, "Alhaji, wannan a bar ta. Zan cire ta daga intanet kada ta sabunta kanta, in ta yi ciwo a kira ni." Alhaji Dabo ya sosa ƙeya ya ce, "A bar ta."

Malam Muntaka, kai ne ka riƙe iyakokin garin nan a ka, lokacin da idonka ya ƙi riƙe maka ko fuskar jikanka. Kai ne aka ce ka bi ko ka tashi, ka ƙi duka biyun, ba zagi, ba ɗaga murya. Makon jiya ka cika shekarunka cif, ka rufe kwamfutar da zanenta, ka miƙa mukulli da hannunka. Mun gode. Allah ya saka, ya haskaka maka inda ido bai kai ba.

Ku kuma masu kawo mana sabbin abubuwa, ba mu ƙi ku ba. Amma kafin ku sauya wa mutum kayan aikinsa, ku zauna a bencinsa ku ga yadda yake riƙe su. Matasa, ku san aikinku kamar yadda bawan Allahn nan ya san nasa.

Wanda ya ce ƙari na yi, ya zo ranar Laraba. Kwamfutar tana nan, Muntaka yana nan, rigar ma ban sayar ba. Ya taho da sunan gonarsa, ni zan rufe allon da hannuna.