Ranar da muka goge kwabban Kaka

Kakata ta wajen uba tana da kwabbai da aninai masu huji a tsakiya, irin kuɗin da aka daina karɓa tun mahaifina yana yaro. Ta zura su a zaren saƙa, ta ajiye cikin wata tsohuwar tasa a ƙarƙashin gadonta a Gazara. Ragowar cinikin mazarƙwailar da ta yi a ƙuruciyarta ne. Ina ƙarama nakan rataya su a wuya, in riƙa leƙen sama ta hujin ɗaya, ina ganin kamar gajimaren da ke ciki nawa ne ni kaɗai.

Shekarar da na gama makaranta yanar ido ta rufe mata gani. Likita a Zariya ya ce ana iya yi mata aiki, amma kada a daɗe. Baba ya ce a jira ya sayar da rake. Raken kuwa bai yi kyau ba a shekarar. Kaka ba ta yi ƙorafi ba, sai dai kullum da hantsi takan juya fuskarta wajen ƙofa, inda take iya gane ɗan haske.

Ni ce na kawo mata labarin. Na gani a waya cewa akwai masu tara tsofaffin kuɗi, kuma abin da suke nema wani ɗan harafi ne ƙanƙane kusa da hujin, mai nuna gidan da aka buga kwabon. Wani harafin ko'ina akwai shi, wani kuwa da wuya a same shi. Da na tambaya, aka ce akwai mai sayen irin waɗannan kaya da ke zuwa Makarfi ranar kasuwa. Iyakar abin da na karanta ke nan, na ɗauka na san komai.

Kaka ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ta ce ashe idonta yana ƙarƙashin gado tun tuni. Ta shafa kwabban, ta ji dattin shekaru a jikinsu, sai ta ce ba za ta kai wa baƙo kaya haka ba, ai sai a ce ƙazama ce. Ta sa na jiƙa tsamiya, na ɗebo toka da rairayi mai laushi, yadda take goge tasoshinta. Muka zauna a inuwar rumbu tun safe har azahar.

“'Yar boko, sa ƙarfi mana,” in ji ta. “Hannun biro ba ya aikin toka.”

Na sa ƙarfi. Baƙin ya riƙa fita, tauraron da ke jikin kowane kwabo ya bayyana. Na shanya su a faifai suna walƙiya, ina ba ta labarin hasken da ba ta gani.

Ranar kasuwa muka shiga mota. Muka sami mutumin a bayan masu rake, dattijo mai farin tabarau, ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur. Ya gaishe da Kaka har ƙasa, ya tambayi hanya da mutanen gida da jiki. Da na kwance ƙullin ya ga walƙiyar, sai fuskarsa ta canza. Ya ɗauko madubin da ke ƙara girman abu, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan guda.

“Iya, wa ya wanke su?”

“Ni da jikata. Ko ba su fita ba?”

Ya yi mana bayani a hankali. Masu tarawa ba sa son kuɗin da aka goge, dattin nan shi ne shaidar tsufansa. Wanda ya daɗe yana dubawa, in ji shi, mai yiwuwa irin wanda ake nema ne, amma wurin harafin yanzu sai ƙarce. Yawo a hannun mutane ya riga ya cinye rabinsa, rairayinmu ya ƙarasa sauran. Ba zai iya saya ba, don ba zai iya nuna wa kowa abin da babu ba.

Ya fito da wani kwabo a cikin ɗan akwatin roba ya nuna mini. Ya ce shi wannan tun farko don masu ajiya aka buga shi, ba don kasuwa ba, hannu bai taɓa taɓa shi ba. Harafinsa a tsaye yake kamar yau aka rubuta. Kaka ta miƙa hannu tana so ta shafa, ya ba ta haƙuri, ya ce ba a buɗewa. Ta tambaye shi ko wannan kwabon ya taɓa sayen ko ƙosai ɗaya. Ya ce bai taɓa ba. Ta gyaɗa kai, ta ce in ƙulle mata nata.

A hanyar dawowa na so in ce laifina ne, da na ƙarasa karatun da ba mu kai ga toka ba. Kafin in buɗe baki ta dafa gwiwata, ta ce in gaya mata abin da ake gani ta taga. Na riƙa faɗa mata: gonakin rake, shanu a bakin rafi, wata mata da tulu.

An sayar da rake a shekara ta gaba, amma kafin nan ciwon suga ya kwantar da ita, likita ya ce aikin sai ta samu ƙarfi. Ba ta samu ba. A watanninta na ƙarshe takan sa in miƙo mata zaren, ta lalubo kwabon nan da dattijon ya daɗe yana dubawa, don ta riga ta ɗaura masa ƙulli a zaren. Takan ce in ɗora mata yatsa daidai inda harafin yake. Sai in ɗora. Wurin sumul yake, amma takan daɗe tana shafawa.

Zaren yana wurina yanzu. Kwabban sun fara komawa baƙi, ban ƙara goge su ba.